Kawu Ya Kalla Har Sau Biyu

A kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé a birnin Abidjan, a layin masu sayar da waya da caja, akwai wata fada da ke zama kullum bayan la'asar a ƙofar shagon Alhaji Abdulmutallib. Benci biyu ne, da butar shayi a kan gawayi, da dattawa 'yan kasuwa waɗanda suka baro Nijar tun kafin a haifi rabin masu yawo a kasuwar. Sun san laifin kowa, sun san maganin kowace cuta, kuma tun da waya ta fara cin fim suka zama malaman fim. Su ke faɗin wanda ya yi kyau, su ke faɗin wanda zai lalata tarbiyya. Abu ɗaya ne kawai ba sa yi wa fim: kallo.

Ga yadda aikin yake tafiya. Daura da fadar akwai teburin Ɗan Azumi, mai tura fina-finai a waya. Na Turkawa, na Indiya da aka fassara, na Kano masu dogon zango, duk suna cikin wata tsohuwar kwamfuta da igiyoyi suka yi wa rawani. Idan sabon fim ya shigo, Ɗan Azumi zai buɗe farkonsa, ya ja da yatsa ya dira a ƙarshensa, ya yanke hukunci. Hukuncinsa kuwa uku ne, ba su taɓa zama huɗu ba: akwai faɗa, akwai kuka, ko akwai darasi. Sai ya tura wa Alhaji. Alhaji ya kai gida, ya ci tuwo, ya buɗe, barci ya kwashe shi tun sunayen 'yan wasa ba su gama wucewa ba. Washegari ya zo fada, ya gyara zama, ya ce, "Ku nemi wannan, akwai darasi." A fada kuma ba a musa wa babba. Daga nan maganar za ta bi shaguna har Adjamé Mairie, ta haye gada ta isa Treichville, kowa na cewa Alhaji Abdulmutallib ya ce a nema. Haka fim zai zagaye Hausawan Abidjan kaf, ya sha yabo, ya tsufa, ba tare da wani namiji ya ga tsakiyarsa ba.

"Na Turkawan nan da na ce ku nema, kun nema?" Alhaji ya tambaya wata rana, yana hura shayi.

"Mun nema, Alhaji," in ji Malam Zakari, amininsa mai sayar da rediyo. "Kai, sarkin nan ya ga rayuwa."

"Likita ne fa, Malam," Ɗan Azumi ya ce daga teburinsa, bai ko ɗago kai ba.

"To, likitan sarki."

"Shi ne," in ji Alhaji. "Ni wurin da ya fi taɓa ni, wurin da uwar ta yi magana."

Fada ta ɗauka gaba ɗaya: wallahi wurin nan, wurin nan! Alhaji ya daɗe da gano cewa babu fim ɗin da uwa ba ta magana a ciki, saboda haka wannan maganar ta yi masa hidima fiye da duk yaran shagonsa.

A hannun waɗannan malamai makomar Zuhura ta faɗa.

Zuhura ɗiyar Mero ce, ƙanwar Alhaji. A unguwar 220 Logements aka haife ta, Faransancinta ya fi Hausarta gudu, kuma tun rasuwar mahaifinta maganar Kawu ake bi a gidansu. Da ta ce makarantar koyon shirya fim za ta shiga, Kawu ya ce ɗaukar hoton biki ai ba sai an je makaranta ba. Da ƙyar ya yarda da shekara ɗaya, bisa sharaɗi: a ƙarshen shekara ta kawo abin da ta yi, fada ta gani. In fada ta ce ya yi, ta ci gaba. In ba haka ba, akwai kujera a bayan kantar shagonsa tana jiranta, ta zauna ta sayar da caja da gilashin waya kamar 'ya'yan kowa.

Ba ta je nesa neman labari ba, labarin na ƙarƙashin bencin fadar. Kwatar da ruwan sama ke bi ta layin, a ƙofar shagon Kawu murfinta yake, kuma a kan murfin aka dasa bencinan nan biyu. Duk damina sai ta toshe, ruwa ya shiga shaguna har gwiwa, kwalaye su yi iyo, dattawa su naɗe wando su zagi hukuma, rana ta fito, a mayar da benci, a ɗora shayi. Shekara da shekaru ke nan. An saba da ambaliyar kamar yadda aka saba da Sallah, sai dai ita ba a yi mata ɗinki.

"Kawu, a kan kwatar nan zan yi fim ɗina," ta ce masa a gaban kowa.

"Yi a kan abin da kika ga dama, ɗiyata. Amma ki ɗauke ni ta nan ɓangaren, ya fi haske."

Kwanakin farko fada ta riƙa zuwa cikin shadda da turare, ana magana ana satar kallon kyamara. Da aka ga yarinya ba ta da niyyar tafiya, sai aka koma tsofaffin riguna da tsofaffin halaye, aka manta da ita kamar yadda aka manta da kwatar. Ita kuwa ta yi ta ɗauka har ruwa ya sauka ya yi abin da ya saba.

Da ta gama haɗawa ta kai wa Ɗan Azumi ya tura wa dattawa, domin a layin nan fim ɗin da bai bi ta teburinsa ba bai zama fim ba. Ta tsaya a kansa. Ya buɗe farko: hasumiyar masallaci, kiran salla, Kawu na tafe cikin babbar riga kamar mai zuwa karɓar sarauta. Ya ja da yatsa. Ƙarshe: Kawu ya ɗaga hannu sama yana addu'a, fuskarsa ta cika allo.

"Akwai darasi," in ji Ɗan Azumi.

"Tsakiyar fa? Gajere ne, kafin a gama shayin farko ya ƙare."

"Ƙanwata, kin san fim nawa ke cikin injin nan? In na ce sai na ga tsakiyar kowanne, yaushe zan ci garba, ɗan dambun rogon nan da kifi, yaushe zan yi salla? Fim farko ne da ƙarshe. Tsakiya don mata aka yi ta."

Washegari ta zo fada. Ta shirya wa zagi, ta shirya wa kora, har ta haddace amsar da za ta bayar da Hausa don kada Faransanci ya kufce mata a ce rashin kunya ce. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne a matsa mata a kan benci a miƙo mata shayi.

"Masha Allah!" in ji Malam Zakari. "Ashe haka kike da kai? Ni fa sai da na yi ƙwalla."

"Jinin gidanmu ne," in ji Kawu. "Na kalla har sau biyu. Na riga na tura wa mutanen Treichville, na ce duk wanda bai nema ba ya yi asara."

Zuhura ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya sunkuyar da kai, babu wanda ya ɗaure fuska. Ƙafar Malam Zakari ma na kan murfin kwatar, yana kaɗa ta cikin nishaɗi.

"Kawu, wane wuri ya fi burge ka?"

"Wurin da uwar ta yi magana."

"Babu uwa a ciki."

Malam Zakari ya yi gyaran murya ya kawo agaji.

"Alhaji tsohuwar nan yake nufi."

"Baba Zakari, babu mace ko ɗaya a fim ɗin."

"To kin gani? Gyaran da za ki yi a gaba ke nan. Fim ba uwa ai bai cika ba. Amma ban da wannan, ya yi."

Kowa ya yarda cewa ban da wannan, ya yi.

"To, Kawu, maganar makaranta?" ta tambaya.

"Kar ki yi gaggawa. Ranar Lahadi akwai taron ƙungiyar 'yan kasuwarmu a Treichville. Kullum Alhaji Abdulbaƙi sai ya cika mana kunne da ɗansa likita da ɗiyarsa mai aikin banki. Wannan karon a babban allo za a nuna fim ɗinki, ya ga su wa aka sa a sinima. In an tashi daga can, sai in faɗi maganata."

Ta jira har aka tashi sallar magariba, ta bi shi cikin shago.

"Kawu, don Allah ka kalle shi kafin Lahadi."

"Na ce miki na kalla."

"Ka sake kalla. Daga farko, ba tsallake."

Ya juyo ya dube ta ta saman tabarau. "Ke yarinya, ƙarya nake yi ke nan?"

"Ban ce ba, Kawu."

"Tun ba a haifi uwarki ba nake shiga sinima a garin nan. Shekara ɗaya a makaranta, har za ki koya mini kallon fim? Wuce ki tafi gida."

Ba ta tafi gida ba, gidan Kawu ta nufa. In akwai mai iya sa shi ya buɗe ido a gaban waya, to matarsa ce, Hajiya Jidda. Tun daga matakala ta ji shewa. Ta tura ƙofa ta tarar da Hajiya da maƙwabtanta mata sun haɗa kai a kan waya ɗaya, wata na share hawaye da gefen mayafi, wata na cewa a mayar, a mayar wurin ledar.

"Ga mai fim! Shigo, 'yar albarka," in ji Hajiya Jidda. "Tun safe tukunyata ke ƙonewa saboda ke. Na Indiyan da muke bi ma mun ajiye shi, ya cika jan rai, yarinya ɗaya tana kuka tun watan jiya. Naki kuwa ba kuka, ba waƙa, amma duk wadda na tura wa sai ta kira ni tana tari don dariya."

"Tanti, kun kalla duka?"

"Har da wurin da Malam Zakari ke sosa ƙafa da cokalin shayi. Wa ya koya miki ajiye kyamara ki yi shiru haka?"

Karon farko ke nan da wani ya yi mata maganar abin da ke cikin fim ɗin, kuma sai da ta ji daɗi kafin ta tuna abin da ya kawo ta.

"Tanti, Kawu bai kalla ba. Zai nuna shi a Treichville a gaban kowa. Ki gaya masa."

"Ni? Ai ya kalla. Har sau biyu, in ji shi. Ni wace ce da zan ƙaryata maigida?" Matan suka sake fashewa. "Nunawa a Treichville ɗin ma ni na ba shi shawara."

"Ke?"

"Ni. Duk damina ni ke wanke wandunansa da ruwan kwata ya rina. Na yi magana har bakina ya gaji, ya ce harkar kasuwa ba ta mata ba ce. Fim kuma, in na kalla na ba shi labari a kan abinci, gobe sai in ji a gidan suna ana cewa Alhaji ya ce a nemi kaza, Alhaji ya san fim. To ga wanda ban ba shi labarinsa ba."

"Amma makarantata ce za ta tafi! In ya ji kunya a gaban mutane, a kaina zai huce."

Hajiya Jidda ta ajiye wayar, ta daina dariya. "Zai iya. Ban ce miki ba zai iya ba. In kin ga ba za ki jure ba, injin na hannunki, ki yanke abin da za ki yanke, ba mai ganin laifinki. Amma ni na fi ki sanin abin da Kawunki ya fi tsoro a duniya, kuma ba kwata ba ce. Ki sa kaya masu kyau ranar Lahadi."

A gida Zuhura ta buɗe kwamfuta, ta ɗora alama a kan wurin ledar. Dannawa ɗaya, ya tafi. Sai wurin masu yashe kwata, sai wurin ruwa. Ta duba abin da zai rage in ta cire su duka: hasumiya, babbar riga, addu'a. Wato fim ɗin Ɗan Azumi. Da shi za ta koma makaranta cikin kwanciyar hankali, ta kuma zama cikakkiyar 'yar layin, wadda ta ga ruwa har gwiwa ta ce babu komai. Ta daɗe tana kallon alamar. Daga baya ta rufe kwamfutar ba ta taɓa komai ba, ta je ta goge kayanta.

Ranar Lahadi bayan azahar aka cika wani zauren taro a Treichville. Maza a gaba, mata a baya, an ja labule an rufe tagogi, an rataya farin ƙyalle a bango. An ci garba, an sha zoɓo, an yi jawabai a kan haɗin kai, irin waɗanda aka yi bara kuma za a yi baɗi. Alhaji Abdulbaƙi, shugaban 'yan Treichville, ya sami hanyar cusa ɗansa likita a cikin addu'ar buɗe taro. Sannan aka ba Kawu abin magana.

"Jama'a, yau Adjamé ta kawo muku abin da ba ku da shi," ya ce. "Fim ne, ɗiyata ta yi, a ƙofar shagona. Na kalle shi har sau biyu. Babu wani wuri a ciki da ban sa masa albarka ba. Ina so kowa ya buɗe ido da kyau, musamman manya, domin akwai darasi."

Zuhura na tsaye kusa da injin haskawa. Ta danna.

Hasumiya ta fito, aka ce masha Allah. Kawu ya fito cikin babbar riga, aka yi tafi, na zaune a kusa da shi suka miƙa masa hannu. Sai farko ya ƙare, aka shiga inda namijin layin bai taɓa shiga ba.

Ga Kawu a kan benci, cikin tsohuwar riga, yana yi wa fada wa'azi a kan tsafta. Yana bayanin yadda Musulmi ba ya zama da ƙazanta, yadda yaran yanzu ba su gaji wannan ba. Yana cikin maganar ya tsotse ledar ruwan da ke hannunsa, ya murɗe ta, ya cusa ta a ramin murfin kwata da yatsa biyu, bai ko duba ƙasa ba, irin cusawar wanda hannunsa ya san hanya. Maganar tsafta kuwa ba ta yanke ba.

Daga bayan zaure wata mata ta yi wani sauti ta toshe baki.

Ga Malam Zakari yana juye ganyen shayi a ramin. Ga Ɗan Azumi yana share fasassun robobin waya da ƙafa zuwa ramin. Ga masu yashe kwata sun iso da shebur da baro, suna roƙo cikin ladabi a ɗaga benci su buɗe murfi. Ga Kawu yana ɗaga musu hannu: "Ku dawo gobe, ba ku ga an ɗora shayi ba?" Ga su sun dawo. Ga shayi an ɗora.

Sai ruwa. Allo ya cika da shi. Kwalayen caja na yawo a cikin shago, takalmin wani ya wuce shi kaɗai. Ga Kawu ya naɗe wando har cinya, yana nuna kyamara da yatsa: "Ɗauki, ɗiyata, ɗauki duniya ta gani! Wannan duk sakacin hukuma ne!" Sannan ya ɗaga hannu sama yana roƙon Allah ya kawo shugabanni masu tausayin talaka. Kyamara ta matso, fuskarsa ta cika allo, daidai hoton da Ɗan Azumi ya gani. Abin da bai gani ba shi ne ledojin ruwa da ke zagaye gwiwar mai addu'ar.

Ƙyalle ya yi fari. Aka buɗe labule.

Bayan zaure ne ya fara fashewa, sannan dariyar ta gangaro gaba layi-layi har ta iso kan 'yan Treichville, har wani daga cikinsu ya zame daga kujera yana riƙe da hula. 'Yan fadar Adjamé kuwa kowa ya sami abin dubawa a tafin hannunsa. Kawu bai motsa ba. Zuhura na hango ƙeyarsa, gumi na bin wuyan rigar. A ranta ta riga ta ga kujerar bayan kantar shago, har da inda za ta rataya jakarta.

Alhaji Abdulbaƙi ya miƙe a hankali, yana goge ido, ya karɓi abin magana.

"Alhaji Abdulmutallib, wallahi yau ka ba ni mamaki. Ina so in tabbatar na ji daidai, don kunnen tsufa. Wannan fim ɗin, wannan da muka gani yanzu, shi ka kalla har sau biyu? Ka kuma ɗauko shi da kanka ka hayo gada da shi?"

Ba wanda bai gane tambayar ba. In Kawu ya ce yarinya ta ci amanarsa, to bai kalla ba. In bai kalla wannan ba, na ɗiyarsa, wanda shi ne a ciki, to na Turkawan fa? Na Indiyan fa? Duk waɗanda aka yi shekaru ana nema a Treichville saboda Alhaji ya ce a nema fa? Zubar da leda a kwata kowa na yi, gobe za a manta. Amma a ce malamin fim na Adjamé barci yake yi, wannan har jikoki.

Kawu ya tashi. Ya gyara hula, ya saɓa riga, ya karɓi abin maganar daga hannun Alhaji Abdulbaƙi kamar dama nasa ne.

"Sau biyu na ce? To na rage ne don kada a ce na cika baki." Ya dubi jama'a. "Yarinyar nan sai da ta biyo ni har cikin shago tana roƙona a kan fim ɗin nan. Tsoro take ji. Na ce mata wuce ki tafi gida, ba abin da za a taɓa. Ga ta nan, ku tambaye ta."

Kowa ya juyo. Zuhura ta buɗe baki. Daga layin mata ta hango Hajiya Jidda ta zuba mata ido, ta ɗan girgiza kai sau ɗaya.

"Haka ya ce in wuce in tafi gida," in ji Zuhura.

"Kun ji," in ji Kawu. "Mu a Adjamé ba ma ɓoye kwatarmu. Mun ɗauko ta mun sa a allo, da mu a ciki. Ku taku tana ina, Alhaji? Ko a Treichville sama take shanye ruwanta?"

"Ni ma na ce a bar wurin ganyen shayin," Malam Zakari ya ɗaga murya. "Na ce kar a cire!"

"Ai tun ranar farko na faɗa," in ji Ɗan Azumi daga bakin ƙofa. "Akwai darasi."

Aka yi tafi, wannan karon har da 'yan Adjamé, waɗanda suka gano a take cewa jarumai ne. Amma Alhaji Abdulbaƙi tsohon ɗan kasuwa ne, ba ya barin ciniki a rabi.

"To madalla da wannan zuciya. Sai dai na ji ƙishin-ƙishin wai bayan kantar shago za ka zaunar da yarinyar. In haka ne ka ba mu ita. Mu 'yan Treichville mun san darajar karatu, sai mu riƙe ta ta ƙarasa."

"Wa ya faɗa?" Kawu ya daka tsawa har abin maganar ya yi ƙara. "Wane maƙaryacin ne? Ɗiyar tawa? Makarantarta za ta koma, ta gama, ta ƙara wata in akwai! Ina raye wani zai riƙe mini ɗiya?"

Hajiya Jidda ce ta fara guɗa.

A hanyar komawa Kawu ke tuƙa tsohuwar motarsa, Hajiya a gefensa, Zuhura a baya rungume da injin haskawa. Suka miƙa hanya har suka hau gada. Can ya dube ta ta madubi.

"Ke."

"Na'am, Kawu."

"Ledar nan, dole sai da kika matso da kyamara har kan yatsana?"

"Hasken ya fi ta nan ɓangaren, Kawu."

Hajiya ta juya fuska waje, kafaɗunta na rawa. Kawu ya yi ƙwafa, ya danna wa wata tasi oda ba gaira ba dalili.

"Na faɗa a gaban mutane, ba zan janye ba. Ki koma makarantarki. Amma fim na gaba a Treichville za ki yi shi. Akwai wata bola a bayan shagon Abdulbaƙi, ni zan kai ki da kaina."

"To, Kawu. Kwatar fa? Za a ɗaga bencin?"

"Yanzu da ta yi suna? Mutane za su zo ganin inda aka yi fim, su tarar ba benci?" Ya sauya giya. "Za a duba. Bayan damina."

Suka sauka daga gada, suka shiga cunkoso. Sai da suka kusa Adjamé ya sake magana, murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan hanya.

"In kin gama na Abdulbaƙin, kar ki kai wa Ɗan Azumi. Ki kawo mini kafin kowa ya gani."

"Za ka kalla, Kawu?"

"Ki tura wa Hajiya," ya ce. "Ta fi ni haƙurin tsakiya."